Yadda ake rage ƙiba ta tafi ba ta dawo ba

Rage kilo biyar ko goma cikin 'yan watanni abu ne da mutane da yawa suka taɓa yi, wasu ma sau uku ko huɗu a rayuwarsu. Abin da ke gagarar mafi yawansu shi ne su kai shekara biyu nauyin da suka sauke bai dawo ba. Idan ya dawo kuwa, sai mutum ya ɗora wa kansa laifi, ya ce ba shi da juriya, alhali jikinsa ne ya yi aikin da aka halitta shi a kai. A wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostareliya, aka buga a 2011, mutum 50 sun shiga tsarin taƙaita abinci na mako goma, kuma waɗanda suka kammala sun rage kimanin kilo 13 da rabi. Da aka auna jininsu bayan shekara guda, sai aka tarar sinadarin girelin, wanda ciki ke fitarwa don tayar da yunwa, har yanzu ya fi yadda yake kafin su fara, sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma sun ragu. Wato wanda ya rage ƙiba yakan fi jin yunwa, kuma ƙaramin jikin da ya samu yana ƙona kuzari ƙasa da na da.

Wanda ya fahimci wannan zai daina neman tsarin kwana talatin, ya riƙa yi wa kowace dabara tambaya ɗaya: zan iya ci gaba da wannan bayan shekara biyu? Ƙiba lalura ce mai daɗewa kamar hawan jini, ana kula da ita ne a kai a kai. Abubuwa uku ne suka fi taimakawa wajen kulawar, wato rubuta abin da aka ci, gane lokacin da damuwa ce ke cin abincin, da amfani da magani idan likita ya ga da buƙata. A ganina na farkon ne igiyar da ta ɗaure sauran biyun.

Kafin a fara

A fara da awo. Ma'aunin da likitoci ke kira BMI ana samun sa ne idan aka raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau biyu. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai raba 90 da 1.70, ya sake raba sakamakon da 1.70, ya sami kimanin 31. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar 25 zuwa sama a matsayin nauyin da ya wuce kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba. Ma'aunin ba ya bambanta tsoka da kitse, don haka a haɗa da awon ƙugu, wanda ake so ya gaza rabin tsawon mutum, domin kitsen teɓa ne ya fi jawo ciwon sukari da ciwon zuciya. Sannan a ga likita a auna hawan jini da sukari, a kuma gaya masa duk maganin da ake sha, saboda wasu magunguna kamar insulin, da prednisolone, da wasu na taɓin hankali irin olanzapine suna ƙara nauyi da kansu. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin kada ya rage abinci sai an daidaita masa allurar, don kada sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas.

Burin farko kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin da ake da shi. Ga mai kilo 100 wannan kilo biyar ne zuwa goma, kuma na san yakan yi wa mutane kaɗan a ido. Amma a babban gwajin rigakafin ciwon sukari da aka yi a Amurka da mutum 3,234, wanda aka buga a 2002, burin da aka sa wa rukunin da suka gyara ci da motsa jiki shi ne rage kashi 7 cikin 100 da motsa jiki na minti 150 a mako, kuma wannan ya rage musu kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, yayin da maganin metformin ya rage shi da kashi 31. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Littafin abinci

A samu ƙaramin littafi, ko a buɗe shafi a waya, ko a sauke manhajar ƙirga kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci. Wanda ya fi kyau shi ne wanda mutum zai riƙa buɗewa kullum. A makon farko da na biyu kada a canza komai a cin abinci, a rubuta kawai, kuma a haɗa da ranakun hutu. Dalilin wannan shi ne idan mutum ya fara gyara tun ranar farko, littafin zai nuna masa mutumin da yake so ya zama, ya ɓoye masa wanda yake. Kowane layi ya ƙunshi lokaci, da abin da aka ci ko aka sha, da yawansa, da wurin da ake, da ƙarfin yunwa daga 1 zuwa 10 kafin a fara ci, sannan kalma ɗaya ko biyu kan halin da zuciya ke ciki, kamar gajiya, fushi, gundura ko farin ciki.

A rubuta nan take, kafin a tashi daga wurin, domin ƙwaƙwalwa ba amintacciyar shaida ba ce a wannan batu. A 1992 masu bincike a birnin New York sun auna wasu mutum goma da suka yi imanin suna cin abinci kaɗan amma nauyinsu ya ƙi sauka, sai aka gano abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100 a matsakaici, motsa jikinsu kuma sun ƙara masa kashi 51. Ba ƙarya suke yi da gangan ba. Lomar da aka ɗanɗana ana girki, da ragowar abincin yaro da aka cinye don kada a zubar, da abin sha mai zaƙi da aka kora da shi, da man da aka zuba a tukunya ba awo, su ne ke ɓacewa daga lissafi. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na furotin (sinadarin gina jiki) ko sitaci kuma 4, don haka babban cokali ɗaya na man girki, ko wane iri ne, yana kai kalori 120, gwangwanin lemo mai zaƙi na mililita 330 kuma kusan 140. Yana da kyau a yi amfani da ƙaramin sikelin kicin da cokalin awo na mako biyu ko uku, har ido ya saba da girman rabo, daga nan a iya kintatawa.

Wahalar rubutun tana biyan kanta. A wani bincike na 2008 da ya bi mutum kusan 1,700 na wata shida a Amurka, waɗanda suke rubuta abincinsu kullum sun rage ninki biyu na abin da waɗanda ba sa rubutawa suka rage. Ranar da aka fi buƙatar rubutawa ita ce ranar da aka yi ɓarna, wadda mutum ya fi jin kunyar sa ta a takarda, saboda a nan ne darasin yake.

Bayan mako biyu a zauna da littafin, a nemi abubuwa biyu ko uku da suka fi maimaituwa, a fara da su kaɗai. Galibi ana buƙatar rage kalori 500 zuwa 600 a rana, kuma mutane da yawa kan sami rabin wannan daga abin sha mai sukari da man girki kawai. Abin da ya rage sai a nema ta hanyar sauya fasalin faranti: rabinsa kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abinci mai gina jiki kamar kifi, ƙwai, wake ko nama marar kitse, sauran kuma hatsi, wanda ba a surfe ba in da hali. Furotin da kayan lambu sun fi riƙe ciki, kuma furotin na kare tsoka yayin da nauyi ke sauka. Haramta wa kai wani abinci gaba ɗaya ba kasafai yake ɗorewa ba, ya fi kyau a rage yawansa a kuma sa masa rana.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Wanda ya taɓa fama da horar da kansa da yunwa, ko tilasta wa kansa amai bayan ci, ko wanda ya ga lissafin kalori ya fara hana shi sukuni da cin abinci cikin mutane, ya ajiye ƙirgar lambobi, ya rubuta lokaci da yanayin zuciya kawai, kuma ya nemi ƙwararre.

Idan zuciya ce ke jin yunwa

Layukan yunwa da yanayin zuciya na littafin ne za su tona wannan. Idan mutum ya ga sau da yawa ya ci abinci mai yawa alhali yunwarsa 2 ce ko 3, kuma kalmar da ke gefe ita ce kaɗaici, ko ɓacin rai, ko fargaba, to ba cikinsa ne ya nemi abincin ba. Yunwar ciki takan zo a hankali, kowane abinci na iya kashe ta, kuma tana tsayawa idan an ƙoshi. Ɗayar kuwa takan faɗo farat ɗaya, ta nemi wani abu takamaimai mai zaƙi ko maiƙo, ta sa a ci cikin sauri, sau da yawa a ɓoye, ta bar mutum da nadama. Abincin yana kwantar da hankali da gaske na ɗan lokaci, shi ya sa ƙwaƙwalwa ke koyon komawa gare shi, kuma wanda ya raina wannan gaskiyar ba zai iya taimakon kowa ba.

Matakin farko shi ne jinkiri. Idan marmarin ya taso, a ce wa kai za a ci bayan minti goma ko goma sha biyar, a bar wurin da abincin yake, a rubuta abin da ya faru kafin marmarin ya zo. Marmari yana tashi ya kai ƙololuwa sannan ya sauka da kansa, kuma duk lokacin da mutum ya ga saukarsa da idonsa, ƙarfinsa a kansa na raguwa. Mataki na biyu shi ne a tanadi wani abu da zai biya ainihin buƙatar tun kafin a shiga halin. Mai kaɗaici ya san wanda zai kira, mai fushi ya fita ya yi tafiya mai sauri, mai gajiya ya kwanta, domin gajiya barci take nema. Idan bayan jinkirin har yanzu ana so a ci, a zuba rabo a faranti, a zauna, a kashe waya da talabijin, a ci a natse, a rubuta. Wannan ma nasara ce idan aka kwatanta da ci a tsaye daga leda.

Abubuwa biyu na ƙara rura wannan wuta, kuma dukansu ana iya gyara su. Na farko shi ne tsallake abinci da rana don a rama ɓarnar jiya, wanda ke kai mutum dare da yunwa ta gaske haɗe da gajiya, sai a sake ɓarnar. Cin abinci sau uku a lokutan da aka sani, da ɗan abin taɓawa idan da buƙata, shi ne abin da masu jinyar wannan matsala ke fara kafawa. Na biyu shi ne ƙarancin barci. A Jami'ar Shikago, a 2004, an taƙaita barcin wasu samari zuwa awa huɗu na dare biyu, sai sinadarin leftin mai nuna ƙoshi ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin kuma ya ƙaru da kashi 28.

Akwai matakin da ya wuce dabarar gida. Idan mutum yana cin abinci mai yawan gaske cikin ƙanƙanin lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, kuma hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku, wannan cuta ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka ware da sunanta tun 2013, kuma tana da magani. Jinyar da ta fi inganci ita ce ta tattaunawa da ƙwararre, wadda ke gyara tunani da ɗabi'a, kuma ita ma littafin abinci ne kayan aikinta na farko. A irin wannan hali ana fara daidaita cin ne kafin a koma batun rage nauyi. Haka kuma wanda baƙin ciki ya daɗe masa, ko wani abu mai ciwo da ya same shi a baya ke bibiyarsa, ya faɗa wa likita dalla-dalla, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyali da abokai kuma su sani gori da sa ido a farantin mutum suna tura shi ci a ɓoye ne. Taimakon da ke aiki shi ne a saurare shi, a raka shi tafiya, a daina ajiye masa abin da yake gudu a gabansa.

Batun magani

Shan maganin rage ƙiba ba abin kunya ba ne, kuma ba gajeriyar hanya ba ce. Likitoci kan duba shi ga wanda ma'auninsa na BMI ya kai 30, ko 27 idan yana da lalura kamar hawan jini ko ciwon sukari. Ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan, orlistat, yana hana hanji tsotse kusan kashi 30 cikin 100 na man da aka ci, amfaninsa matsakaici ne, kuma yana kawo bayan gida mai maiƙo idan an ci mai da yawa. Sababbin, waɗanda suka sauya fagen, suna kwaikwayon sinadarin hanji mai suna GLP-1, wanda ke rage saurin saukar abinci daga ciki, ya kuma sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Semaglutide, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙiba a 2021 da sunan Wegovy, allura ce sau ɗaya a mako, kuma a gwajin mutum 1,961 na mako 68 ya rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi, idan aka kwatanta da kashi 2.4 ga waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki. Tirzepatide, da aka amince da shi a 2023 da sunan Zepbound, ya kai kusan kashi 21 a mafi girman awonsa cikin mako 72. A dukan gwaje-gwajen nan an haɗa allurar da rage abinci da motsa jiki.

Ana fara semaglutide da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu har zuwa 2.4, kuma gaggawar hawa ce ke tsananta tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida. Cin kaɗan-kaɗan, da rage maiƙo, da tsayawa da zarar an ji ƙoshi suna sauƙaƙa su. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, musamman mai ratsawa zuwa baya, dalili ne na zuwa asibiti nan take, domin yana iya zama kumburin gaɓar da ke samar da insulin ko tsakuwa a matsarmama. Mai juna biyu ba ta amfani da waɗannan allurai, mai shirin ɗaukar ciki kuma takan daina semaglutide aƙalla wata biyu kafin nan. Ba a ba wanda shi ko danginsa na jini suka taɓa yin wani nau'i na musamman na kansar tayirod, wato gaɓar da ke gaban wuya, kuma duk wanda za a yi wa tiyata ya sanar da likitan da zai sa shi barci cewa yana kan allurar.

Abin da ya kamata a sani tun kafin allurar farko shi ne makomar nauyi idan an daina. Waɗanda aka bibiya bayan gwajin semaglutide sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda da dainawa. Don haka a tattauna da likita tun farko kan tsawon lokacin da za a iya ɗauka ana yi, da abin da za a yi idan maganin ya yanke ko aljihu ya gaza. Idan bayan wata uku zuwa shida, gwargwadon maganin, ba a rage kashi 5 cikin 100 ba, akan sake shawara. Aikin littafin ma yana canzawa a wannan lokaci, domin mai allura yakan rasa sha'awar ci har ya gaza samun isasshen furotin da ruwa, kuma wani ɓangare na nauyin da ke sauka tsoka ce. A riƙa duba littafin don a tabbatar ana cin abin da ya isa, a kuma yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla sau biyu a mako. Watannin da yunwa ta lafa su ne lokacin da ya fi dacewa a koyi sababbin hanyoyin fuskantar damuwa, saboda allura tana rage yunwa amma ba ta cire kaɗaici.

Kada a sayi waɗannan allurai a intanet ko a hannun wanda ba mai harhaɗa magani ba ne. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide da aka gano a Burazil, Birtaniya da Amurka. Shayi da ƙwayoyin da ake tallatawa da sunan na tsirrai ma ba abin amincewa ba ne, domin hukumomi sun sha gano sibutramine a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Bayan nauyi ya sauka

Kusan kowa nauyinsa kan tsaya wuri ɗaya bayan wata shida zuwa shekara, kuma wannan ba alamar gazawa ba ce. Rajistar da masu bincike Rena Wing da James Hill suka kafa a Amurka a 1994 tana bin mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka riƙe shi sama da shekara, kuma abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne motsa jiki na kusan awa ɗaya a rana, galibi tafiya, da hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi sosai, amma wajen hana shi dawowa yana da babban tasiri.

A hau sikeli da safe, bayan an zaga, kafin a ci komai, a kuma duba matsakaicin mako, domin ruwa da gishiri da al'adar mata na iya motsa lambar da kilo ɗaya ko biyu tsakanin yau da gobe. Ba lallai a ci gaba da rubuta abinci kullum har abada ba, kwana biyu ko uku a mako, ko mako ɗaya a wata, kan isa. Amma a ja wa kai layi tun yanzu, a rubuta shi a shafin farko na littafin: idan matsakaicin nauyi ya haura da kilo biyu ya zauna a haka mako biyu, a koma rubutun kullum har da layin yanayin zuciya, a duba barci da lokutan ci, kuma idan bayan wata guda lambar ba ta juyo ba, a ɗauki littafin a je wurin likita da shi.